Ranar da Ɗan Tudu Ya Shiga Jirgi

Maigidana ɗan masunta ne, jikan masunta, amma tun da na san shi ban taɓa ganin ruwa ya wuce masa idon sawu ba. A titinmu na bakin tafki ba mai kiransa da sunan yanka. Manya su ce Mai Gyara, abokan wasa su ce Ɗan Tudu, shi kuma duk ya amsa.

Abin ya samo asali tun yana yaro. Wata rana ya bi mahaifinsa ɗaga taru, iska ta taso, kwale-kwalen ya kife. Ya tsinci kansa a ƙarƙashin jirgin, cikin ɗan sararin da ya rage tsakanin ruwa da katako, duhu ko ta ina, yana jin uban yana bubbuga jirgin daga waje yana kiransa. Uban ya nutsa ya jawo shi, ya ɗora shi a bayan jirgin, ya ce ya riƙe da kyau. Da masu ceto suka iso, yaron kaɗai suka tarar. Ban ji wannan labari daga bakinsa ba sai bayan haihuwarmu ta biyu, kuma ko a lokacin bango yake kallo yana ba ni.

Wansa, wanda dukanmu muke ce wa Yaya, shi ya gaji sana'ar gida. Maigidana kuwa aka kai shi wajen wani mai gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan wayoyin hannu, har ya kama shagon kansa a titin gaɓa, tsakanin mai sayar da ƙanƙara da bakaniken injin jirage. Ɗaki ɗaya ne. Akwai tebur da dalma ta ƙona ko'ina, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, da benci inda masu jiran gyara ke zama suna gulmar kamun wasu. Tagar shagon tafki take kallo, don haka kujerarsa kullum ta ba ta baya. Ni ina bakin ƙofa da ɗan kantana, ina sayar da caja da batir da tocila.

Mutum ne da ya fi haƙuri da na'ura a kan mutane. In rediyo ta ƙi magana, sai ya yi ta lallashinta kamar yaro mai rigima, amma mai rediyon in ya cika tambaya sai a nuna masa benci. Matar Yaya ce kaɗai ke iya masa. Ta leƙo ta ce, "Ƙanina, yau a kofi za a zuba maka ruwan wanka, ko cokali ya isa?" Ya ce, "Ki bari wayarki ta lalace, za ki san cokali."

Ƙungiyar masunta ce ta kawo aikin da ya canza mana zama. Tafkinmu babba ne, in kana wannan gaɓa ba ka hango waccan, kuma da jirgi ya ɗan yi nisa sabis ɗin waya ya ɗauke. Mutum ya fita da asuba, iyalinsa ba su san halin da yake ciki ba sai sun gan shi. Sai ƙungiya ta sayo wasu ƙananan akwatuna, kowanne bai fi sabulun wanki girma ba, da ɗan faifan hasken rana kamar tafin hannu, da madanni ja guda ɗaya na neman agaji. Wata injiniya ta zo ta kafa dogon ƙarfe a kan rufin shagonmu, ta ajiye kwamfuta a kan tebur, ta yi ta koya wa maigidana har ya iya. Masunta suka sa wa akwatunan suna 'yan aike.

Ranar da na fara riƙe ɗaya a hannuna na ce, "Malam, wannan ɗan mitsitsin ne zai yi magana daga tsakiyar ruwa har mu ji a nan?"

Ya ce, "Ba zai iya ba. Muryarsa ƙarama ce, kuma da gangan aka yi shi haka, don in ya ɗaga murya batirinsa ba zai kai yamma ba. Maƙwabcinsa kawai yake faɗa wa. Na jirgin da ke kusa ya karɓa, ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa, har saƙo ya iso ƙarfen da ke kanmu."

"To ai jiragen ba a tsaye suke ba."

"Nan wahalar take. Wanda ya karɓar maka saƙo da safe, da rana ya bi kifi ya tafi. Dole kowane ɗan aike ya san wa ke kusa da shi, kuma a cikinsu wa ya fi kusa da gida. In hanya tana nan lafiya, barci yake yi, ya farka jifa-jifa ya ce ina nan, ya koma. Amma in ya farka ya ji ba kowa, sai ya ruɗe ya yi ta kira ba hutawa. Kiran nan shi ke cinye batir."

Na ce, "Kamar yaron da ya ɓata a kasuwa."

Ya ce, "Haka. Ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe."

A fuskar kwamfutar kowane jirgi ɗigo ne kore, da siririn zare da ya haɗa shi da maƙwabcinsa. Yini guda zaren nan na tsinkewa yana ƙulluwa a wani wuri. Jirgin da aka daina ji, ɗigonsa ya koma toka-toka. Ban yi niyyar koyo ba, amma matan masunta ni suke tambaya, don suna jin nauyin maigidana. Yau in nuna wa wannan mijinta, gobe in nuna wa waccan ɗanta, har na zo na fi sanin lambar jirgin kowa a kan lambar wayarsa.

A shekarar da nake ba da labari, kifi ya yi nisa, ya koma bayan tsibirin dutse. Jirage suka riƙa jeruwa tun daga gaɓa har can, kamar kayan shanya a igiya. Ran nan gari ya waye tas. Jirgin Yaya ne a can ƙarshe, shi da abokin aikinsa na tun ƙuruciya, wani mutum mai fara'a da ake ce wa Dogo.

Da hantsi iska ta tsaya cak, har kaji suka yi shiru. Mai ƙanƙara ya leƙo ya ce, "Mai Gyara, ka dubi gabas." Bai duba ba, ni na duba. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, gindinsa a kan ruwa. Kafin in gama kwashe kayan kanta, iska ta fizge rumfar bakanike ta yi titi da ita.

Na koma ciki na same shi tsaye a gaban kwamfuta. Jiragen da ke kusa duk sun juyo gida a guje. Ina kallo zaren da ke tsakani yana miƙewa yana tsinkewa, ɗigon na nesa suna komawa toka ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Tsakiya ta tafi." Muryarsa ba irin tasa ba.

Ban ga laifin waɗanda suka gudo ba. Kowa da ransa da 'ya'yansa. Amma su ne gadar, kuma gadar ta taso ta dawo gida.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Titi ya cika da mata, kowace da leda ko buhu a ka, suna turereniya a ƙofar shagonmu. Duk jirgin da ya matso inda za a ji shi, ɗigonsa ya koma kore, in ɗaga murya in faɗi lambar, wata mata ta fashe da kuka ta yi gaɓa da gudu. Haka shagon ya yi ta raguwa. Zuwa azahar saura mace ɗaya a kan benci, matar Yaya, ba wasa a bakinta yau. Ta je ta taho da Inna, surukata, a ƙarƙashin wata yagaggiyar lema.

Jirgi na ƙarshe da ya dawo, yana shigowa kusa, sai kwamfutar ta sa ƙara. Ɗan aikensa ya taho da saƙon da ya karɓa a hanya bai samu wanda zai miƙa wa ba. Jan saƙon neman agaji ne, daga jirgin Yaya.

Matar Yaya ta miƙe. "Ga shi nan ai! Ga inda suke!"

Maigidana ya girgiza kai. "Inda suke ɗazu ne, tun kafin ruwa ya sauko. In injinsu ya mutu, iska ta riga ta kai su wani wuri."

Maza suka taru a ƙarƙashin rumfar mai ƙanƙara. Ruwan sama ya ɗan tsagaita, amma tafkin na ta tumbatsa, igiyar ruwa na dukan matakalar gaɓa har ƙasa na amsawa. Shugaban ƙungiya ya ce a fita nema. Wani ya ce a nemi ina, a wannan faɗin? Sai maigidana, wanda ba ya magana a taro, ya ce ɗan aiken Yaya yana can yana kira, kuma ba zai daɗe yana yi ba. Ya ce jirage su fita a jere, kowanne ya tsaya inda na bayansa zai ji shi, a mayar da gadar. Na can gaba ya ɗauki babban akwatin gwaji mai doguwar eriya, wanda ke jin ƙaramar murya daga nesa. Da an ji shi, saƙo zai biyo layi ya zo kwamfuta, a ga wurin, a rubuta wa na gaba inda zai nufa.

Waɗanda suka yarda su fita ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na gaba ya zama wani tsohon matuƙi da ake kira Kurma, don ƙarar inji ta daɗe da cinye masa kunne.

Shugaba ya ce, "To wa zai riƙe akwatin?"

Kowa ya juyo ga maigidana. Akwatin nan maigidana ne ya harhaɗa shi da hannunsa, wayoyinsa a sake, da batirin mota yake aiki, kuma wannan akwatin kaɗai ke da ɗan allo da ake karanta rubutu. Na ga ya juyo ya kalle ni. Nan take na gane abin da ke ransa. Da ban iya karanta kwamfutar ba, da yana da hujjar zama.

Na bi shi cikin shago. "Malam, ka nuna wa bakanike mana."

"Ba lokaci."

"To ni in je, kai ka zauna."

Ya jawo leda. Yana tura kaya ciki, filaya ta suɓuce ta faɗi, ya sunkuya ya kasa ɗauka sai ni na miƙa masa. Wani ya kawo rigar hana nutsewa, ya sa ta a baibai, na gyara masa.

Inna na zaune a ƙarshen benci tana kallo. Ta ce, "Auta, ina za ka da wannan riga?"

"Inna, zan ɗan leƙa ne in dawo."

"Ruwan nan ya ci ubanku. Yanzu haka yana riƙe da yayanka. Kai kuma da ƙafarka za ka kai masa kanka?"

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, in ban je ba, ba wanda zai ji shi."

Ta juyar da fuska bango. Sai da ya kai ƙofa ta ce, "Allah ya tsare," ba tare da ta waiwayo ba.

Daga shagonmu zuwa matakalar gaɓa ba nisa, amma ban taɓa ganin tafiya mai tsawo irin wannan ba. Mutane suka buɗa masa hanya. Da ya kai bakin katakon shiga jirgi sai ya kasa hawa. Ya tsaya kamar an dasa shi. Bakanike da mai ƙanƙara suka kama shi ta hammata suka ɗaga shi ciki kamar buhu. Yana zama ya jawo igiya ya fara ɗaure ƙugunsa da benci. Kurma ya daka masa tsawa da muryar nan tasa ta marar ji, "Kwance! In muka kife, igiyar ce za ta kashe ka!" Ya kwance. Aka ɗaure gora a tsaye da eriya a kanta, inji ya tashi, na koma shago da gudu don ba zan iya kallon sauran ba.

Na zauna a kujerarsa. Ɗigon suka fara fita a jere. Na farko ya tsaya, na biyu ya wuce shi ya tsaya, zare ya ƙullu. Ɗigon maigidana na can gaba yana tafiya a hankali. Can sai rubutu ya shigo: "Muna nan." Na rubuta, "Ina ganinku." Wannan kaɗai muka iya ce wa juna.

Suka wuce tsibiri. Suka kai inda jan saƙon ya nuna, ba kowa. Suka karkata yamma, suka dawo. La'asar ta yi, na yi salla a tsakanin tebur da benci, ina sallamewa idona na kan kwamfuta. A lokacin na ga jirgin tsakiya yana zamewa daga layi. Daga baya muka ji injinsa ne ya shaƙi ruwa, iska ta tura shi gefe. Ƙananan 'yan aike ba su da allo, ba yadda zan gaya masa ya koma. Ina gani zaren ya miƙe, ya miƙe, ya tsinke. Ɗigon maigidana ya zama toka.

Na danna nan, na danna can, na zare waya na mayar, duk da na san ba daga nan matsalar take ba. Na gaya wa kaina abin da shi da kansa ya koya mini, cewa toka ba nutsewa ba ce, rashin hanya ne kawai. Amma jirgin da ya kife ma toka yake nunawa, kuma kwamfuta ba ta bambance su.

Inna ba ta iya karatu ba, amma ta iya fuska. Ta ce, "'Yar nan, mene ne?"

"Ba komai, Inna, ku kwantar da hankalinku."

"Kalle ni ki faɗa."

Na ci gaba da kallon kwamfutar. Matar Yaya ta leƙo ta kafaɗata, ta ga ɗigo biyu masu launi ɗaya, ta toshe baki da gyale. Inna ta sauko daga benci ta zauna a ƙasa dirshan, ta miƙe ƙafafu, ba kuka ba magana. Da ta yi kururuwa da ya fi mini sauƙi. Na riƙa tuna cewa da hannuna na gyara masa rigar.

Abin da ya faru a jirgin daga bakinsa da bakin Kurma na ji. Tun da suka bar gaɓa yake amai, har ba abin da ya rage a cikinsa. Ya ce duk lokacin da jirgin ya hau igiyar ruwa ya faɗo, bugun katakon sak irin wanda ya ji yana yaro. Bai ɗaga ido ya kalli tafkin ba ko sau ɗaya, ɗan allon kawai yake kallo. A nan ya ga hanyar gida ta yanke. Kurma ya yi nuni da hannu cewa su juya. Maigidana har ya buɗe baki zai ce to, kuma ya rantse mini ba abin da ya taɓa so a duniya kamar wannan juyawar, sai wata lamba ta bayyana a allon, ta ɓace, ta sake bayyana. Lambar jirgin Yaya ce.

Ya kama ƙafar Kurma ya ce su tsaya. Akwatin ya ji ɗan aiken Yaya, ya karɓi saƙonsa, amma shi ba ya nuna taswira, sai kwamfutar gida. Wansa na nan kusa, bai san ko dama ko hagu ba. In suka matsa, za su iya rasa muryar. In suka tsaya, igiyar ruwa na dukansu ta gefe. Suna haka ɗaurin gorar ya balle. Ya tare ta kafin ta faɗa ruwa, ya kwanta rigingine a cikin jirgin, ruwan da ya taru a ciki na shiga masa kunne, ya rungume gorar da hannu da ƙafa don eriyar ta tsaya sama. Kurma ya ce yana ganin bakinsa na motsi, ya ɗauka addu'a yake. Shi kuwa ya ce mini bai san me yake faɗa ba.

Ni a shago ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon toka ba. Hasken taga ya fara yin ja. Kwatsam sai wani ɗigo da ba na cikin masu nema ba ya ɓullo daga bayan tsibiri. Wani jirgin dakon yashi ne da ya fake tun safe, ya ga iska ta lafa ya kama hanyar gida. Matuƙinsa bai san ana neman kowa ba. Hanyarsa kawai ta bi ta cikin giɓin, 'yan aike suka ji shi, suka ƙulla zare ta kansa. Kwamfutar ta sa ƙara. Ɗigon maigidana ya koma kore, sannan ga ja can kudu da tsibiri, gefen da ba wanda ya yi zato, kusa da inda karan ruwa ya yi duhu.

Na yi ihu ban sani ba. Na rubuta wa maigidana, "Ku yi kudu. Tsibiri a bayanku. Cikin kara." Na tura. Jirgin yashin bai tsaya ba, tafiyarsa yake, yana ja da zaren yana miƙewa. Jan ɗigon ya dushe, batirin Yaya ya ƙare ke nan. Jim kaɗan zaren ya sake tsinkewa. Amma kafin ɗigon maigidana ya koma toka, na ga ya ɗan gota kudu. Da wannan 'yar gotawar na riƙe Inna da matar Yaya har rana ta kusa faɗuwa.

Sun tarar da jirgin ya cika da ruwa har baki, ya maƙale a cikin kara. Yaya na zaune ruwa iya ƙirji, farfelar inji ta tsaga masa hannu, ya ɗaure da rigarsa. Ɗan aiken yana cikin hularsa a kansa, don kada ya jiƙe. Dogo ba ya nan.

Yaya ya ce tun da injin ya mutu ya danna jan madanni. Suka jira, ba alamar komai. Ya sake dannawa. Da ruwa ya fara cika jirgin, kuma jinin hannunsa ya ƙi tsayawa, Dogo ya ce abin nan ya mutu, ba wanda ya ji mu. Gwanin iyo ne. Ya rungumi jarkar fetur da ba komai a ciki, ya ce zai kai tsibiri ya nemo jiragen da ke fakewa. Yaya ya roƙe shi, bai tsaya ba. An samu gawarsa bayan 'yan kwanaki.

Da suka iso gaɓa, Yaya ya fito da ƙafarsa, maigidana kuwa sai da aka ɗauko shi. Hannuwansa sun sandare a yadda ya rungumi gora, sai da na yi ta gasa su da ruwan ɗumi. Zazzaɓi ya kwantar da shi. Masu zuwa dubiya suna cewa ai yanzu an gama, tsoro ya fita. Ya bar su suka gama, da suka tafi ya ce mini, "Duk wanda ya ce in ka shiga za ka saba, bai taɓa jin tsoro ba." Bai sake shiga jirgi ba har yau da gashinsa ya yi fari, kuma na ga abin ya ƙaru ne, bai ragu ba. Ni ma da nake yi masa dariya a da, yanzu in hadari ya haɗo tsoro ke kama ni.

Bayan ya koma shago, wata rana matar Dogo ta zo. Mace ce marar yawan magana, tana sayar da gishiri da kwando a ƙarshen titi. Ta gaishe mu, ta ƙi zama.

Ta ce, "Mai Gyara, abu ɗaya na zo tambaya. Lokacin da ya shiga ruwan nan, saƙonsu ya riga ya iso nan?"

Na yi masa ido ya sassauta, amma bai kalle ni ba. Ya ce, "Yadda Yaya ya kwatanta mini lokacin, ya iso. Muna bakin gaɓa muna shirin fita."

Ta kalli kwamfutar. Ta ce, "Ashe an ji su. Shi ne bai sani ba." Ta gyara mayafi ta fita.

Tun daga ranar ya hana injiniyar nan sakat. Ya kira ta da safe, ya kira ta da yamma, har sai da ta tattaro kayanta ta zo. Suka yi kwanaki a kan teburin nan suna gardama, ita ta ce batir ba zai ɗauka ba, shi ya ce a rage wani abin. A ƙarshe suka daidaita. Ɗan aiken da ya rasa maƙwabci ya daina kira ba ƙaƙƙautawa, ya riƙa yi yana hutawa don ya kai dare da ransa. Kuma aka ƙara wa kowanne wata 'yar fitila koriya. In ka danna ja, saƙonka ya isa gida, amsa za ta biyo hanya ta dawo ta kunna ta. Ya buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya liƙa fitilun da hannunsa.

Na Yaya ya fara gamawa. Hannun Yaya ya warke a lokacin, yana shirin komawa ruwa, don ba shi da wata sana'ar. Ya zo karɓa da hantsi, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya akwatin. Maigidana ya ce ya gwada. Ya danna, kwamfutar ta yi ƙara, 'yar fitilar ta kama, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Yaya ya zuba mata ido. Ya ce, "Wannan ɗan abin kawai?"

Maigidana ya ce, "Shi kawai, Yaya."

Ya sa akwatin a aljihu ya fita ba sallama. Na leƙa na ga bai nufi gaɓa ba. Ya bi titi har ƙarshe, ya zauna a dakalin ƙofar gidan Dogo, kuma yana nan zaune har muka rufe shago.